Masu Koya wa Fakiti Hanya

Idan mai POS a kasuwar Dambatta ya latsa lamba don ya ciro wa manomi kuɗin gyaɗarsa, saƙon ba ya tafiya a dunƙule. Daddatsa shi ake yi zuwa ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti, galibi kowanne bai wuce bayit 1,500 ba. Su hau turken sadarwa mafi kusa, su nufi Kano, su wuce inda kwamfutocin banki suke, amsa ta dawo kafin manomin ya gyara zaman hularsa. A hanya kowane fakiti zai ratsa na'urori da dama, suwic da rawuta, kuma kowacce sai ta yanke ta wace ƙofa zai fita.

Wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota ya san aikin kashi biyu ne. Ga ɗan kamasho da zai karɓi kwali, ya dubi rubutun jikinsa, ya cusa a motar Kazaure ko ta Daura ba tare da dogon tunani ba. Ga kuma shugabannin tasha da suka tsara wace mota ke bin wace hanya. Haka cikin na'urar sadarwa yake: akwai ɓangaren turawa, akwai ɓangaren shawara. Shekara da shekaru kamfanoni irin su Cisco da Juniper suna sayar da su biyun a akwati ɗaya a rufe. Injiniya ya saita abin da aka ba shi damar saitawa, sauran kuma ya zuba ido.

A Jami'ar Stanford ta Amurka aka ɓalle akwatin. Martin Casado da malaminsa Nick McKeown, tare da Scott Shenker na Berkeley, suka ce a ciro shawarar a mayar da ita manhaja a kwamfuta guda, kwantirola, wadda ke ganin hanyoyin duka a lokaci ɗaya, ta riƙa rubuta wa kowane suwic jadawalin da zai bi. A 2008 aka fitar da OpenFlow, yaren da kwantirola ke magana da suwic da shi, tsarin kuma ya shahara da sunan SDN. Google ya ɗora shi a kan hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin bayanansa, ya bayyana a 2013 cewa layukan da aka saba cika wa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari yanzu yana iya cika da yawansu kusan maƙil. Kamfanin da su Casado suka kafa, Nicira, VMware ya saye shi a 2012 a kan dala biliyan 1.26.

Sai aka lura da saura. OpenFlow na iya ba suwic umarni, amma a kan irin fakitin da maƙerinsa ya riga ya koya masa kawai. A 2014 wasu masana, cikinsu har da McKeown da Jennifer Rexford ta Princeton, suka fito da P4, yaren da kake rubuta wa ɓangaren turawar kansa yadda zai karanta fakiti tun daga bayit na farko.

A nan gwanintar take, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba ta buƙatar ɗakin injuna. Da tsohuwar laftof mai Linux da manhajar Mininet, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi zai iya gina hanyar sadarwa sukutum a cikin kwamfutarsa. Ya rubuta sudo mn, sai ga kwamfutoci biyu na kwaikwayo da suwic ɗaya da kwantirola. Ya rubuta pingall, allo ya ce babu fakitin da ya salwanta. Idan an sauko da manhajojin sau ɗaya, sai a yi ta zagayawa da su a filash, ba sai an sake ƙona data ba. Caji ne kawai matsalar, kuma masu cajin waya da sola ba su ƙare a Makoɗa ko Kunchi ba.

Darasin farko na P4 ba shi da sassauci. Ana ba ka suwic da bai san komai ba, duk fakitin da ya shigo ya faɗi. Kai za ka ce masa ya karanta bayit 14 na farko, kan Ethernet ke nan, ya dubi biyun ƙarshe. In ya ga 0x0800, abin da ke biye IPv4 ne, ya karanta wasu bayit 20. Ya ɗauki adireshin inda za a je ya nema a jadawali. In ya samu, ya sauya adireshin MAC, ya rage ɗaya daga TTL, lambar da ke hana ɓataccen fakiti yawo har abada, ya sake haɗa kan fakitin ya fitar. Ɗalibi ya yi duk wannan, ya gwada, shiru. Dalili kuwa, taɓa TTL ya ɓata lissafin tantancewar da ke kan fakitin, bai sake lissafa shi ba, kwamfutar da ta karɓa ta yar ba tare da ta ce uffan ba. Mai gaggawa zai yi ta sauya layuka yana fatan dace. Gwani kuwa buɗe manhajar Wireshark yake yi, ya kama fakitin a ƙofar shiga, ya sake kama shi a ƙofar fita, ya jera su bayit da bayit har ya ga inda suka saɓa. Wannan haƙurin ba a gadonsa, zama ne.

Yaren ma yana tarbiyyar mai shi. A sarrafa fakiti ba ya barin ka ka ce a yi ta maimaita abu sai an gama, domin guntun lantarkin da ke cikin suwic na gaske fakitoci ke kwarara masa babu tsayawa, kowanne da ɗan lokacin da aka yanka masa. Dole ka rage tunaninka ya koma: duba wannan, in ya dace aikata wancan.

Ba duk alkawarin farko ne ya cika ba. OpenFlow bai kori tsofaffin rawutoci ba, kuma Intel, da ya sayi kamfanin Barefoot mai guntun Tofino na suwic masu aiki da P4 a 2019, ya dakatar da ci gaban guntun a 2023. Amma raba shawara da turawa ya zauna daram: a cikin Open vSwitch da cibiyoyin bayanai ke amfani da shi, a cikin eBPF na Linux, da kuma zuciyar 5G da MTN ya fara a Nijeriya a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta yi tsaiko a sassan ƙasar nan. Kafin jiragen gyara su isa wurin, injiniyoyi ne suka zauna suna karkatar da zirga-zirgar zuwa wayoyin da suka tsira.

Mai son farawa ya soma da Linux da lissafin adireshin IP, ya ɗan taɓa Python, sannan Mininet. P4 ya biyo baya, idan ya kai ga kallon kan fakiti a Wireshark ya faɗi aikin kowane bayit.