Jigon Da-na-sani a Fim ɗin 17 Again

Galibin manazarta kan ɗauki fim ɗin ban dariya a matsayin abin ɗebe kewa kawai, wanda bai kai a zauna a yi masa nazari ba. Mu dai a wannan takarda muna ganin raha ita ma tana da jigo, kuma sau da yawa cikin dariya ne a kan shigar wa mai kallo da ra'ayin da zai yi gardama a kansa da an kawo masa shi kai tsaye. Misalin da za mu duba shi ne 17 Again, fim ɗin Amurka na 2009, wanda Burr Steers ya ba da umarninsa.

Ga labarin a taƙaice. A 1989, Mike O'Donnell, ɗan shekara 17 kuma gwanin ƙwallon kwando a makarantarsu, ya ji cewa budurwarsa Scarlet tana da ciki, daidai lokacin da aka zo duba wasansa don a ɗauke shi jami'a. Sai ya yar da ƙwallon ya bi ta. Bayan shekara 20 muka same shi an hana shi ƙarin girma a wurin aiki, 'ya'yansa ba ruwansu da shi, maganar rabuwa da Scarlet kuma tana gaban alƙali. Wani mai sharar makaranta, wanda ba mutum ne kamar kowa ba, ya zama sanadin faɗawarsa cikin kogi, ya fito saurayi. Matthew Perry, wanda ya rasu a 2023, shi ne ya fito a Mike babba, Zac Efron kuma a Mike ƙarami.

Abin lura na farko shi ne, jikinsa kaɗai aka mayar baya, zamani kuwa yana nan inda ya ke. Saboda haka makarantar da ya koma ita ce wadda 'ya'yansa, Maggie da Alex, su ke ciki. Daga nan ne kusan dukan barkwancin ya samo asali, wato bakin uba a jikin yaro. Ga shi a aji yana yi wa sa'o'insa huɗuba kan kamun kai, ga shi yana faɗa da Stan, saurayin Maggie mai cin zalin Alex, har ita Maggie ta fara sonsa, shi kuwa yana neman hanyar gudu. A nan Efron ya yi abin yabo. Wurin da ya fi burge mu shi ne kotu, inda ya karanta wa Scarlet wasiƙa wai daga mijinta, daga baya ta duba takardar ta ga ba kome a ciki sai kwatancen hanya.

To, amma ina aka kai jigon? Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce, sai a baya a kan bar ta. Fim ɗin ya ɗauko ƙeyar ya kawo ta gaba, ya sake tsayar da Mike a filin wasa, ga jami'a ga Scarlet, ya kuwa miƙa wa Alex ƙwallon ya bi matarsa. Zaɓin farko shi ne na biyu. Ke nan darasin da a ke nufi shi ne, laifin yana wajen mai ƙorafi. Mun yarda da wannan, sai dai an sauƙaƙa masa hanya ƙwarai, don a ƙarshe har aikin koyar da ƙwallo aka ba shi. Zaɓin da bai ci wa mutum kome ba, da wuya a kira shi sadaukarwa.

Babban raunin fim ɗin a ganinmu shi ne Scarlet, wadda Leslie Mann ta fito a matsayinta. Ita ma yarinya ce a 1989, ita ta ɗauki cikin, ita ta yi shekara 20 tana shan gori. Amma ba wanda ya tambaye ta abin da ta rasa. Iyakar abin da aka nuna mana na burinta shi ne lambun bayan gida da ta ke gyarawa, alhali an ɓata lokaci mai yawa kan soyayyar abokinsa Ned da shugabar makaranta. Francis Ford Coppola, a Peggy Sue Got Married na 1986, macen ya mayar makaranta, ya bar ta ta auna auren da kanta. Ita ma mijin nata ta sake zaɓa, amma aƙalla mun ji ta bakinta kafin ta zaɓa.