Abincin da Aka Ƙunshe Amana Ne: Sharhi Kan Dim Sum a Duwala

Abincin sayarwa iri biyu ne: wanda ido yake gani kafin baki ya taɓa, da wanda aka ƙunshe. Mai tsire a New Bell yana cikin kashi na farko. Ga nama a kan wuta, ga ƙuli, ga yaji, kuma kafin ka ciro ko sisi zai yanko maka ɗan ɗanɗano. Idan bai yi maka ba, ka yi gaba. Dim sum na Sinawa kuwa yana cikin kashi na biyu. Mafi yawansa a lulluɓe yake cikin fatar ƙullu, ba ka sanin abin da ke ciki sai haƙori ya shiga. Shi ya sa nake ganin a irin wannan gidan abinci ba a raba daɗin girki da kyawun hidima, domin maganar mai kawo maka abinci ita ce idonka.

Ga wanda bai san shi ba, dim sum abincin mutanen kudancin Sin ne, yankin Guwanzu da Hong Kong. Ƙananan loma ne iri-iri, uku ko huɗu a cikin ɗan kwandon gora, ana turara su kamar yadda iyayenmu mata ke turara dambu a madambaci. Asalinsa rakiyar shayi ne, shi ya sa masu shi suke kiran zaman da yum cha, wato shan shayi, kuma hantsi ne lokacinsa. Akwai har gow, jatan lande cikin fata mai sheƙi ta sitacin alkama da na rogo. Akwai siu mai, mai buɗaɗɗen kai. Akwai char siu bao, farin burodin tururi mai nama a ciki. Akwai ƙafar kaza da aka dafa har ta yi luguf.

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushen Grand Hangar da wannan? Kasuwa ce ta haɗa. Tun 1971 Kamaru da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci, yau kuma duk wanda ya bi titin Ahmadu Ahidjo a Akwa ya ga shagunan Sinawa a jere. 'Yan kasuwarmu suna sarin kaya a hannunsu, wasu har Guwanzu suke zuwa. Ciniki babba kuwa sau da yawa a kan tebur ake ƙarasa shi. Idan abokin cinikinka ya gayyace ka, ƙin zuwa rashin kyautawa ne, zuwa a ci a makance kuma kasada ce.

Sau uku na je wani gidan abincin Sinawa a nan Duwala, sau biyu da rana, sau ɗaya da dare. Zan fara da yabo, don sun cancanta. Har gow ɗin rana ya yi. Fatar ba ta yi kauri ba, ba ta kuma yage da aka ɗaga ta da tsinke, jatan landen ciki yana da ɗan tauri irin na sabon kamu, babu ƙarni. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da ke bakin Wouri, kogin da Turawan Fotugal suka sa wa suna Rio dos Camarões saboda yawan jatan landensa, sunan da ya koma Kamaru. Ƙafar kazar ma ta ji haɗi, tana saɓulewa daga ƙashi ba tare da kokawa ba. Wurin yana da tsabta, kwanukan ba maiƙo.

Da dare labari ya sha bamban. Har gow ɗin ya zo da ɗumi-ɗumi, fatar ta manne da gindin kwando, kana ɗagawa tana tsagewa, abin ciki ya zube. Alamar an turara shi tun da rana ne, aka sake ɗumamawa. Abincin tururi ba ya jira, kamar ɗanwake yake, idan ya huce ya tashi daga aiki. Kuɗin kuwa bai ragu ba. Sai shayi, wanda shi ne uban tafiya. A al'adar masu abin, buta ake ajiye wa tebur, idan ta ƙare ka ɗaga murfinta, mai hidima ya gani ya ƙaro ruwan zafi ba tare da an kira shi ba. A nan kofi ɗaya aka kawo da ganyen leda a ciki, na biyu kuma sai da aka sake rubuta kuɗi.

Amma duk waɗannan ƙanana ne idan aka gwada da abin da ya faru a zuwana na farko. Kafin na yi oda na nuna wa yarinyar da ke hidima hoton siu mai, na ce, "Ƙanwata, akwai alade a cikin wannan?" Ta yi murmushi ta ce, "Babu, Alhaji, jatan lande ne." Na san yadda aka saba haɗa shi, don haka na roƙe ta ta kira mai gidan. Matar ta fito, da ɗan Faransancinta ta bayyana mini cewa siu mai naman alade ne aka cakuɗa da jatan lande, burodin tururin ma alade ne. Har gow ɗinsu ne ta ce da man girki na itace suke haɗawa, ko da yake a wurare da yawa ana sa masa kitsen alade don ya yi taushi. Na nemi a turara nawa shi kaɗai, tunda kwandunan ɗora su ake yi kan juna, romon na sama yana ɗiga a na ƙasa. Ta amince ba musu.

Yarinyar ba ƙarya ta shirya ba. Abin da takardar jerin abinci ta ce, shi ta faɗa, kuma takardar jatan lande kawai ta ambata. Laifin na masu gida ne da suka tsayar da ita tsakanin mai girkin da ba ya jin Faransanci sosai da baƙon da ba ya jin Sinanci, ba su koya mata abin da take ɗauka ba. A garin da Musulmi suke da unguwanni da masallatai da kasuwanni, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce. Jatan lande halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, amma abin da aka cakuɗa shi da shi fa? Kazar wa ya yanka? An zuba giyar shinkafa ta girki a miya, kamar yadda girkin Sin ya saba? Mai hidimar da ba ta da amsar waɗannan, ko ta fi kowa fara'a, hidimarta ba ta cika ba.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. A Hong Kong, cikin cibiyar Musulunci ta Masallacin Ammar da ke Wan Chai, akwai ɗakin cin abinci da ya shahara da dim sum na halal, kaza da naman sa sun maye gurbin alade. A Sin kanta Musulmin Hui suna da gidajen abincinsu masu alamar qingzhen, wato halal, kuma duk wanda ya je sari Guwanzu ya gan su. Abin da nake nema a Duwala bai kai haka ba: alama ƙarama a gefen duk abincin da ke da alade ko giya, da kwando na daban, da horon yini ɗaya ga ma'aikata.

Hukuncina shi ne, girkin rana ya ci kuɗinsa, na dare bai ci ba, hidima kuma da sauranta. Wanda zai je, ya je da hantsi ko azahar, ya nemi mai gida da kansa, ya tambayi nama da kitse da giya ɗaya bayan ɗaya, kada kunya ta hana shi. Masu gidan kuma su sani, Bahaushe idan ya yarda da wuri, da iyalinsa da abokan cinikinsa yake dawowa.