Jitar bas da kwalbarta: martani daga bakin gadar Malanville

Samarin da ke haɗa kiɗa a kwamfuta, daga Kano har Yamai, sun yanke wa jitar bas hukunci tuntuni: wai ta zama kayan tarihi, tunda fiyano ɗaya na fitar da bas da ganga da sarewa a lokaci guda. Firiyam mai kwalba kuwa, ƙaramar na'urar nan da ke fara ɗaga muryar jita kafin ta shiga kwamfuta, a wajensu almubazzaranci ce, ga zafi ga tsada, alhali akwai manhajar da ke kwaikwayonta kyauta. Hujjar da daɗin ji, sai dai a gaban manyan sifikun situdiyo aka gina ta, ba a wurin da jama'a ke sauraron waƙa ba.

Malanville ta isa wurin gwaji. Gari ne na kasuwa a arewacin Benin, a bakin kogin Kwara, yana kallon Gaya ta tsallaken gada, inda Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke cuɗanya a kan albasa da shinkafa da hatsi. Ko da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, waƙa ba ta tsaya ba, don a cikin waya da memori take ƙetarewa ta kwalekwale. A waya ake jin ta, ko a 'yar sifikar da ɗan kabu-kabu ya ɗaure a babur. A nan ne bas ɗin da ya girgiza ɗakin mai haɗa kiɗa yake ɓacewa ɓat, a bar murya da tafi suna reto babu gindi.

Tarihin gajere ne. Fender ya fito da Precision a 1951, Ampeg ya biyo da amfilifaya B-15 mai kwalba a 1960, kuma kafin a kai ƙarshen shekarun 1960 jitar ta samu gindin zama a Dahomey, wato Benin ta yau. Gustave Bentho ya riƙe ta a ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano. A arewacin ƙasar, sama da kilomita 300 kudu da Malanville, Super Borgou ta Parakou ta ɗora ta a kan waƙoƙin Barba da Dandanci, waɗanda kamfanin Analog Africa ya sake fitarwa a 2012. Sai fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, kasuwar finafinai ta yaɗa amonsa ko'ina, mai jita ya rasa aiki.

Duk wanda ya saka waɗancan tsofaffin faya-fayai a waya zai lura da abu guda: ana jin tafiyar bas ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Dalilin lissafi ne. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, kuma babu sifikar wayar da ke iya furta wannan. Amma tsirkiyar ba amo ɗaya take haifarwa ba. Tare da uwar amon akwai 'ya'yanta a 82, a 124, a 165, haka har sama zuwa ɗaruruwa, kuma idan kunne ya ji 'ya'yan a jere, ƙwaƙwalwa da kanta take cike gurbin uwar da ba ta iso ba. Bas ɗin fiyano da aka tace shi tas, wanda kusan uwa ce tsurarta, ba shi da wanda zai wakilce shi a ƙaramar sifika.

Aikin kwalba ke nan. Idan aka matsa mata kaɗan, ba ta mayar da amo yadda aka ba ta. Takan lanƙwasa shi, ta fi danne ɓangare ɗaya na girgizar a kan ɗayan, daga nan ne ɗa na farko yake ƙaruwa, wato amon nan dai amma hawa takwas sama. Shi ya sa kunne ba ya jin sa a matsayin ɓarna, sai dai kauri. Sannan idan makaɗi ya finciki tsirkiya da ƙarfi, kwalba takan tausasa kan bugun maimakon ta datse shi, sai tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai sanyi ta ragu, a samu damar ɗaga bas ɗin cikin waƙa ba tare da ya danne mawaƙi ba. Gwanintar duk tana tsakanin maɓallai biyu. Ana murɗa na shiga a hankali, makaɗi yana buga wurin da ya fi zafi a waƙar, har a ji amon ya fara gurnani a ƙarshen bugu kawai, sai a tsaya, a rage na fita don kada kwamfuta ta cika. Wanda ya wuce nan ya shiga kiɗan rok na Turawa. Kuma makaɗin yana jin wannan gurnanin a kunnensa lokacin da yake bugawa, yatsunsa suna amsa masa, abin da manhajar da aka liƙa bayan an gama ɗauka ba za ta taɓa ba shi ba.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Kwalbar 12AX7, wadda aka fi samu, tana son wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 300 kafin ta yi aikinta sosai. Yawancin ƙananan akwatuna masu araha ba sa ba ta ko 50, wasu ma har fitila ake ɓoyewa a bayanta don ta yi ja a idon mai saye. Irin waɗannan ne masu sukar suka gwada, suka ji amo ya dagule, suka yi wa kwalba kuɗin goro. Abu na biyu shi ne ƙofar shiga: jitar da ba ta da batir tana buƙatar ƙofar da aka yi don kayan kiɗa, mai juriyar kusan om miliyan ɗaya, in ba haka ba saman amon ya dushe tun kafin ya isa kwalbar. REDDI na kamfanin A-Designs da Solo/610 na Universal Audio sun cika waɗannan sharuɗɗa, kuɗinsu ma ya cika. Avalon U5 da ake yawan ambata a wannan sahu na'ura ce mai kyau, amma babu kwalba a cikinta ko ɗaya. Wanda aljihunsa bai kai ba gara ya sayi SansAmp, turanzista ce da ba ta ɓoye kanta ba, da ya sayi kwalbar ado.

Masu sukar suna da gaskiya a wuri ɗaya, shi ne wuta. Lantarkin Benin da na Nijar yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, amon da ke gaɓa ta uku ta tsirkiya mai kauri kuma 49 ne. Idan ƙugin wuta ya shiga ɗauka, ba a iya yanke shi sai an yanke wannan amon tare da shi, don haka wayar ƙasa da sitabilaiza ba zaɓi ba ne. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Na'urar na son iska da mayafi da kwalbar ajiya, wadda sai an yi saƙonta, domin yawancin masana'antun da suka rage a Silobakiya da Rasha da Sin suke.

Amma ainihin saɓanin ba na wuta ba ne, na kunne ne. Masu manhaja sun ɗauka amo mai tsabta shi ne amo mai kyau, alhali kunnen wannan yanki bai taɓa yarda da haka ba. Makaɗin ganga da gangan yake ɗaura tsirkiya a kan fata don ta yi kaɗawa, mai garaya da mai molo sukan liƙa ƙarfe mai zobba a kan wuya, kuntigin Ɗan Maraya Jos ma gwangwani ne da ke amsa kuwwa. Abin da kwalba ke yi wa jitar bas daga wannan gidan ya fito. Wasu faya-fayan Poly-Rythmo da rakodar Nagra aka ɗauke su a gidajen mutane, da makirfo ɗaya ko biyu, kuma Nagra turanzista ce. Kaurin da ke cikinsu na amfilifayar da aka ƙure ne da zaren kaset da ya cika, kuma mai situdiyo ɗaki guda a Malanville, da maƙwabta ta kowane bango, ba shi da halin ƙure amfilifaya da dare. Firiyam mai kwalba ce hanyar da ta rage masa ta samun wannan amon da abin ji a kunne.