3.2 Bambancin Jerin Littattafai Tsakanin Yahudawa da Kiristoci

Masu nazari da dama kan ɗauka cewa Tsohon Alkawari na Kiristoci shi ne littafin Yahudawa, ba ragi ba ƙari. Wannan ra'ayi yana da rauni ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce ta ƙidaya. Littafin Yahudawa, wato Tanak, ya ƙunshi littattafai 24: Attaura 5, Annabawa 8, Rubuce-rubuce 11. Furotesta suna ƙirga 39, alhali abin da ke ciki ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne an raba Sama'ila da Sarakuna da Tarihi gida biyu-biyu, an raba Ezra da Nehemiya, sannan aka ƙirga ƙananan annabawa 12 ɗaya bayan ɗaya. Ke nan wannan saɓani na lissafi ne kawai.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Katolika suna da littattafai 46, domin sun karɓi wasu 7 da babu su a Tanak: Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Sun gaje su ne daga tsohuwar fassarar Girkanci, wato Sabtuwajin, wadda aka fara a Iskandariyya tun kafin haihuwar Annabi Isa. Martin Luther ya ware su gefe a fassararsa ta 1534, Majalisar Trent kuwa ta tabbatar da su a 1546. Al'amarin ya shafi aƙida, domin a Makabiyawa na biyu ne Katolika ke samun hujjar yi wa mamata addu'a.

Fuska ta uku ita ce ta tsari. Tanak kan ƙare da littafin Tarihi, inda Sarki Sairus ya ba Yahudawa izinin komawa Urushalima. Tsohon Alkawari kuwa ya ƙare da Malakai da albishirin zuwan Iliya, wanda Kiristoci ke dangantawa da Yahaya Maibaftisma. Haka kuma Daniyel yana cikin Rubuce-rubuce a wajen Yahudawa, amma Kiristoci sun sanya shi cikin annabawa.

Bisa ga wannan, wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, mai bin tsarin Furotesta, bai kamata ya ce ya ga littafin Yahudawa yadda su suka tsara shi ba. Jerin littattafan kansa wani nau'in sharhi ne, domin shi ke nuna wa mai karatu inda labari ya dosa.