Masoyan Mulder da Scully sun yi rawar gani

Tun da tashar Fox ta Amurka ta fara haska shirin The X-Files a 1993, wasu 'yan kallo suka hango abin da mai shirin, Chris Carter, ya daɗe yana musantawa: soyayya tsakanin jami'an FBI biyu, Mulder da Scully. Mulder ya yi imani da halittun wasu duniyoyi, Scully kuwa likita ce, ba ta yarda sai ta ga hujja.

Masoyan nan ba su naɗe hannu ba. Sun bi diddigin kowane kallo, har yadda Mulder kan ɗora hannu a bayanta idan za su shiga ɗaki, suka riƙa rubuta nasu labaran suna rabawa, ba a biyansu ko sisi. Haƙurinsu ma abin yabo ne. A fim ɗin da aka yi daga shirin a 1998, saura ƙiris Mulder da Scully su sumbaci juna, sai ƙudan zuma ya harbi Scully a wuya! Sai a Nuwamban 1999 masoya suka ga abin da suke jira, a wani kashi da ya ƙare da daren sabuwar shekara.

Shirin ya tsaya a 2002, ya dawo a 2016, ya tarar da su suna nan daram. Wannan riƙon amana ya cancanci jinjina.