Jinjina ga Maƙeran Bindigar Toka

A Amurka, maharbi yakan kafa ɗan inji a gida, yana sake ɗura kwanson harsashin da ya riga ya harba. A ƙasar Yako da Kiru da Bebeji kuwa, bindigar maharba ba ta san kwanso ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a harba sau ɗaya, sai a sake ɗuri. Shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga.

Maƙeri ne gatanta. Da zuga-zugi da masaba da awartaki yake gyara kunama, ya daidaita ƙota, ya duba tsaga tun ba ta fashe a hannun mai ita ba. Wannan duban ne ya fi burge ni, domin ran mutum aka damƙa masa.

Maharban Tudun Wada da Doguwa, masu taya jami'an tsaro sa ido a dajin Falgore, da aikinsa suke fita. Haka ma 'yan bindigar Sarkin Kano, waɗanda hayaƙinsu ke turnuƙe fage ranar Hawan Daushe. Sannunku da aiki, maƙera, Allah ya ƙara basira.