Ba kowace matsalar wuta ce mutuwar ƙwaƙwalwar mota ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garajin Tasawa da Maraɗi a ƴan shekarun nan: "Alhaji, ƙwaƙwalwa ce ta tafi, sai an canza." Fitilar baya ta ƙi mutuwa, ƙwaƙwalwa ce. Gilashin ƙofa ya ƙi sauka, ƙwaƙwalwa ce. Batir ya kwana da wuta ya wayi gari babu ko ɗigo, ita ce dai. Mai mota daga Baudeta ko Mayahi da ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi, ya fara lissafin buhun wake nawa zai fitar. Ni kuwa ina ganin sau da yawa wannan akwati da ake kira ƙwaƙwalwa ana yanke masa hukunci ne ba tare da an saurari shaida ba, kuma mu masu motoci muna da hannu dumu-dumu a ciki.

Ba ƙwaƙwalwar inji ake nufi ba, wadda ke auna mai da iska. Wannan ta biyu ce, mai kula da fitilu, sigina, waifa, oda, makullan ƙofa da gilasai. A Peugeot sunanta BSI, a Renault UCH, wasu kamfanonin kuma BCM. Galibi tana ɓoye ƙarƙashin dashbod, kusa da gidan fis. A zamanin 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, babu ita. Waya ce ta tashi daga makunni ta je ga ƙwan fitila, shi ke nan. Mai gyaran wuta da ƙwan gwaji da haƙuri zai bi ta har inda ta tsinke. A motocin da suka zo daga baya, irin su 206 da 307 da Corolla da Camry na bayan 2000, makunni saƙo kawai yake aika wa akwatin, akwatin ne ke sakin wuta. Sannan a da yawa daga cikinsu akwatunan motar suna zance da junansu ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Shi ya sa laifi ɗaya ke iya bayyana a wuri biyar lokaci guda, har mutum ya rantse motar ta haukace.

Sai ga baliz ta zo, na'urar binciken nan da ake soka wa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta wannan soket a motocinta tun 1996, Turai ta bi a 2001 ga masu shan fetur, don haka kusan duk ƴar Kwatano da ke yawo a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram tana da shi. Yanzu har akwai ƙanana ƴan China da ake haɗawa da wayar hannu. Ban ƙi baliz ba, Allah ya sani. Ta rage lalube. Abin da na ƙi shi ne yadda aka mai da ita boka. Ta nuna lamba mai farawa da harafin B, wato matsalar jikin mota, ko mai farawa da U, wato wani akwati ya yi kira ba a amsa ba, sai yaron garaji ya ɗago kai ya ce ta mutu. To ai in ka kira ɗan'uwanka a Baudeta wayarsa ba ta shiga ba, ba ka shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Wataƙila caji ne ya ƙare, wataƙila rezo ne babu. Baliz ba ta ce akwati ya ƙone ba. Ta ce bai amsa ba.

Mai aikin ƙwarai ya san inda ake farawa, kuma ba daga akwati ba ne. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe, ya hau wajen 14 in inji na aiki. In ya yi ƙasa sosai, akwatunan nan sai su fara sambatu, su zubo lambobin laifi barkatai alhali lafiyarsu ƙalau. Daga nan sai wayar mas, wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Noti ɗaya da ya saki ko ya yi tsatsa ya isa ya sa sigina ta riƙa kunna fitilar birki. Sai fis, sai a zare filogin akwatin a duba ko haƙoransa sun yi kore saboda ruwa. In ana zargin wayoyin zancen nan biyu, a cire kan batir a sa mita tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin baliz: om 60 ake so a gani. In kuwa batir ne ke zubewa cikin dare, a rufe mota a bar ta ta yi barci, a auna abin da take sha. Bai kamata ya wuce wajen miliamfa 50 ba. In ya wuce, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon. Sau tari rediyo ce da aka ɗaura a bakin tasha, ko ƙarin fitilun da direba ya sa don ado.

Wannan aiki yana iya cin yini. A nan ne gizo ke saƙa. Mai gyaran wuta ya yi awa huɗu kwance ƙarƙashin dashbod cikin zafin watan Afrilu, ya gano tsatsa ce a noti, ya goge ya ɗaure, mota ta dawo daidai. Ya faɗi kuɗin aikinsa, sai mai mota ya yi tsalle: "Haba Malam, me ka sa a ciki? Noti fa ka ɗaure!" Amma wannan mutum ɗin, in aka ce masa a kawo akwati daga Kano, ba musu zai zaro jikkuna ya miƙa, don ya ga abu a hannu. Mun saba biyan kuɗin ƙarfe, ba mu saba biyan kuɗin sani ba. Mai garaji shi ma yana da iyali. In bincike ba ya kawo cefane, canjin kaya kuwa yana kawowa har da ɗan abin da zai ɗora a kai, wanne kake zaton zai koya wa yaransa?

Kuma akwatin yana mutuwa da gaske, ban ce ba ya mutuwa ba. Sai dai akasari da hannunmu muke kashe shi. Dubi al'adar nan ta aron batir: a tada mota da batirin maƙwabci, a zare shi inji na aiki, a mayar da mataccen. A 504 an sha yin haka an kwana lafiya. A motar yau, wutar da altanato zai watso a wannan ɗan tsakanin tana iya soya akwati nan take. Haka juya kan batir a duhu, haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, haka naɗa waya a gurbin fis da ya ƙone. Ga ruwan damina da ke sulalowa ta gefen gilashin gaba, ga masu wanki da ke fesa ruwa har cikin mota, ga ɓeraye in an ajiye ta kusa da rumbu. Wanda ya sa sabon akwati bai gano abin da ya kashe na farko ba, ya tanadi kuɗin na uku.

Shi kansa canjin ba kamar canza taya ba ne. Na hannu ake samu, daga Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu kayan gyara na Maraɗi, kuma tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, hanyar Kwatano ta yi nisa, kaya sun ƙara tsada. Dole lambar da ke jikin akwatin ta dace, don mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da akwatuna daban. A Peugeot kuwa BSI a ɗaure take da makulli da ƙwaƙwalwar inji ta wata lambar sirri. Ka ɗauko ta wata mota ka soka, fitilu za su kama, inji ya ƙi tashi. Ko dai a sayo su ukun tare, ko a sami mai kwamfutar da zai kwashe bayanan tsohuwar ya zuba a sabuwar. Saboda haka tsohon akwati ba abin yarwa ba ne, balle a bar wa garaji. Wani lokaci ma rile ɗaya ne ya ƙone a ciki, wanda mai gyaran rediyo mai hannu zai iya sauyawa. Ƴan kasuwa kuma ba kasafai suke karɓar kayan wuta in an fita da su ba.

Ga mutumin birni mai mota biyu, kuskuren bincike ɓacin rai ne kawai. A Baudeta motar nan ita ce ke kai gyaɗa da awaki kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibitin Tasawa cikin dare. In aka ja ta zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100 daga Tasawa, ta yi mako tana jiran akwatin da tun farko ba shi ne da laifi ba, ba mai ita kaɗai ya yi asara ba.

Wasu sun ce maganin abin a guji motocin zamani, a riƙe tsohuwar Hilux. Madalla, amma tsofaffin ƙarewa suke, jirage kuma ba su fasa kawo masu akwati ba. Wasu kuma sai su yanke waya su ja ta kai tsaye daga batir da ɗan makunni. Don a fita daga daji a isa gida, babu laifi. A bar shi haka ba fis, gobara ake kiwo.

Iyayen gida masu garaji, ku sa mita a hannun yaro kafin ku ba shi baliz, kuma ku ja yaran da suka taɓa lakkol a jiki, don zanen wayoyin motocin nan da Faransanci ko Turanci yake zuwa. Kai kuma mai mota, in an ce maka ƙwaƙwalwa ce, tambaya a nuna maka abin da aka auna kafin a kai ga wannan magana. In an nuna maka, biya kuɗin binciken ba ciniki, ko da noti ɗaya aka ɗaure.